Bencin Baya a Cocinmu na Nyanya

Shekarun baya, lokacin muna haya a Nyanya, babu wadda ta kai ni zaƙewa a zumuntar mata ta cocinmu. Ni ce a gaba wajen waƙa, ni ce kuma a gaba wajen gulma, sai dai ni a lokacin "damuwa da 'yan'uwa" nake kiran ta.

Akwai maƙwabciyata, cocinmu ɗaya, ta girme ni, tana saro lemo da kankana a Zuba. Mijinta yana aiki a wani gari. Sau uku na ga wani mutum ya sauke ta a mota da sassafe, suna dariya. Ban tambaye ta ba. Na je na raɗa wa matar wani dattijon ikkilisiya, har na ƙara gishiri cewa na ga ya riƙe mata hannu. Magana zarar bunu ce. Dattawa suka kira ta, ta musanta, amma aka ce akwai shaida. Aka sa ta a horo. A wurinmu wanda aka sa a horo bencin baya yake zama, ba ya waƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi.

Ba a yi wata guda ba na gano mutumin ɗan ƙanwar babanta ne, yana taimaka mata da ɗauko kaya. Na ja bakina na yi shiru, don na fi tsoron kunya a kan tsoron Allah.

Wata biyar tana wannan benci, ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba.

Ran wata Lahadi ta cin Jibi, fasto ya ce kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu, kamar yadda ya saba faɗa. Da gurasar ta iso gabana, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga cewa in na mutu a ranar, zanen zumunta ba zai cece ni ba. Na tashi, jama'a na kallo, na nufi baya na durƙusa a gabanta.

Na ce, "Yaya, ni ce na yi miki ƙarya."

Ta ce, "Na sani tun ranar farko. Ke kaɗai ke shara a ƙofar gida a wannan lokacin. Tashi, ai na daɗe ina roƙa miki wannan ranar."

Ta matsa ta ba ni wuri. Na yi kuka har ɗankwalina ya faɗi.

Dattawa suka wanke ta a gaban ikkilisiya, ni kuma aka ba ni horon wata uku, wanda ya dace da ni. Lahadi ta gaba na lallaɓa bencin baya kaina a ƙasa, sai na tarar da ita zaune da littafin waƙarta. Na ce mata ai an maida ta gaba. Ta ce ta san sanyin wurin nan, ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Haka ta yi har wata ukun suka cika.

Tun ina yarinya nake jin cewa Yesu ya sauko ya zauna da masu zunubi, na kuma rera shi a waƙa ba adadi. Ban gane ba sai da matar da na ɓata wa suna ta bar wurinta ta zo ta zauna a nawa. Har yau in na shiga coci, bencin baya nake fara kallo.