Sahabi Darakta da Gaisuwar Baba Ummaru

Duk wanda ya zauna a Illela ya san marigayi Sahabi ba ya kallon mutum da ido biyu. Da ya hango ka sai ya runtse ɗaya, ya haɗa yatsunsa kamar taga, ya amsa sallamarka ta cikin tagar nan, sannan ya daka maka tsawa: "Tsaya nan! Haske ya kama ka!" Sai ka tsaya cikin rana da kaya a ka, kana jiran ya gama kallonka. Mutanen kasuwa suka sa masa Darakta don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ni Mamman, tare muka tashi da shi. Na bi fataucin albasa, shi ya bi kyamara. Ranar ɗaurin auren babban ɗana na kira shi ya ɗauki biki. Da ya kawo kaset muka taru, muka kunna. Kai, jama'a! Ga jakin mai ruwa, ga takalman baƙi a ƙofar zaure, ga hannun mahaifiyata tana tuƙa tuwo, tana tuƙawa, tana tuƙawa.

Na ce, "Sahabi, ina ango?"

"Ga shi can, ba ka ga ƙeyatai ba?"

"Ƙeya na kira ka ka ɗauka?"

Ya ce, "Ango kullum kana ganinai har ya ishe ka. Hannun Inna ko, yaushe rabonka da ka dube shi?"

Na yi fushi, na daɗe ba na zuwa rumfarsa. Yanzu da Inna ta rasu, ba kaset ɗin da muke nema a gidanmu kamar wannan.

Ga kuma tsumulmula. Kowane mai kyamara yana da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, ban da Sahabi. Na ce ya saya, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mi zan yi da ƙafa uku, ga ka da biyu kana zaman banza?" Haka kafaɗata ta zama wurin ɗora kyamara. Da furfurata da komai, ina tsaye ana ce mini, "Kada ka yi numfashi!"

A kan kafaɗar nan tawa aka ɗauki fim ɗin rijiya. Akwai wani dattijo a Tozai, Baba Ummaru, mai haƙar rijiya, wanda rabin rijiyoyin yankin hannunsa ne. Sahabi ya bi shi rani guda. Farkon fim ɗin, Baba yana zaune a bakin rijiya, ya dubi kyamara kamar baƙo ne ya zo masa, ya shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya dabbobi, ina labari. Da ya kai ƙarshe sai ya sake ɗaukowa daga farko, irin ta tsofaffi. Kafin damina ta faɗi, Allah ya yi wa Baba rasuwa.

'Yar Sahabi, Hadiza, da ke karatu a Sakkwato, ita ta aika fim ɗin ta intanet zuwa wani bikin fina-finai na duniya a ƙasar Turawa, inda ake nuna fina-finan da mutane suka yi da ƙarfin kansu, ba kamfani a bayansu. Suka ce suna so, amma wata Madam daga cikinsu za ta bugo waya. Muka ɗauko Musa ɗan canji daga Konni ya yi mana tafinta, don shi ke jin Faransanci. A rumfata aka yi, rabin kasuwa na kanmu.

Musa ya saurara ya ce, "Madam ta ce fim ya yi kyau, amma sai an rage gaisuwar farko. In ba a rage ba, da wuya a nuna."

Sahabi ya ce, "Mi?"

"Ta ce mutanensu ba su da haƙurin zama."

"To tambaye ta. A garinsu hakanan aka shiga wurin dattijo, a tsallake shi a leƙa rijiyatai?"

Na ja masa riga. Na ce, "Haba Sahabi, yanke mana! Duniya za ta ga aikinka. Gaisuwa ce fa, ƙarewa take a Illela?"

Ya juyo ya ce, "Tasa ta ƙare, Mamman. Wagga ce ta rage."

Ya ce wa Musa ya gaya wa Madam an gode, a gaida mutanen gida, amma ko "ina gajiya" ɗaya ba za a taɓa ba.

Shiru, shiru, ba labari daga Turawa. Hadiza har da kuka. A teburin mai shayi kuwa an samu abin yi. "Darakta, jirgin ya iso?" Shi kuma ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yana tafe. Ya tsaya gaisawa da mutanen hanya." Amma ni na san abin yana cin sa, don ya rame, ko tsawar nan ya daina.

Kwatsam sai ga saƙo: za a nuna fim yadda yake, kuma ya zo da kansa. Ya tafi da Hadiza, da babbar rigarsa ta Sallah, da ƙunshin kilishi wai kada yunwar Turawa ta kashe shi.

Hadiza ta ce kafin a nuna kowane fim, ana ba mai shi dama ya ce wani abu. Sauran duk godiya suka yi suka zauna. Namu da ya hau, sai ya ce ta fassara: "Yanzu wani dattijo zai gaishe ku. A garinmu ba a barin gaisuwa a ƙasa. Duk abin da ya ce, ku ce lafiya lau." Ya sa su maimaitawa. "Ba haka ba! Ku buɗe baki! Kai mai gilashi, ban ji taka ba!" Hadiza ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka kunna. Baba Ummaru ya fito a bango ya ce, "Ina kwananku?" Ɗaki ya ɗauka, "Lafiya lau!" Yaya iyali, lafiya lau. Yaya dabbobi, lafiya lau, mutanen da ko akuya ba su da ita! Da Baba ya sake ɗaukowa daga farko, suka fashe da dariya, suka bi shi har ƙarshe.

Sahabi bai ci kyauta ba. Ya ce wani ne ya cinye da fim ɗin da ko sallama babu.

Hadiza ta ɗauko abin a wayarta, muka kai wa Inna Hajo, matar Baba Ummaru, a Tozai. Idonta ba ya gani sosai, sai ta kara wayar a kunne. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Duk waɗanga shi suka amsa wa?"

Sahabi ya ce, "Shi, Inna."

Ta share ido da gefen zane ta ce, "To, madalla. Da ma bai son a yi mai shiru."

Bara ciwo ya kwantar da Sahabi, bai tashi ba. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Sahabi, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka haɗa shi da Baba Ummaru a gidan aminci, mu ma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.