Titi Ya Hau Kan Mai Aski

A gyara zama, a ba da hanya, ga Gwamnan Ƙarƙashin Ƙasa, mai mulkin kujera ɗaya da tsagaggen madubi, wanda manya ke sunkuyar wa da kai ko ba sa so. Wato dai Baba Mai Aski na layinmu.

Ba a rami aka haife shi ba. Lokacin da ya gaji gidan ubansa ya mai da ɗakin gaba shago, hawa ake yi a shiga. Sai gwamnati ta fara ƙaunar layin. Duk ɗan kwangilar da ya zo gyara ba ya kankare tsohuwar kwalta, sabuwa yake shimfiɗawa a kai ya kama gabansa. Titi na ƙiba, gida na nutsewa, har aka wayi gari mai son aski sai ya gangara kamar mai shiga rijiya. Ta taga Baba ba ya ganin fuskar kowa, sai ƙafafu. Da takalmi yake gane mutane, har ya san masu ƙara sauri a ƙofarsa don sun koma aski wani wuri.

Shi kuwa ruwan sama bai san doka ba, gangare ya sani. Wata damina ya shigo shago ba sallama, ya zarce ɗakin Inna, matar Baba, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. A kujerar aski aka ɗora ta, ta wuni a kai tana mita kamar mai jiran layi. Bangon ɗakin ya sha ya ƙoshi, ya tsage. Magini ya duba ya ce in ya ƙara shan irin wannan, to a fara neman wurin kwana.

Sai Baba ya jera bulo a bakin ƙofa ya shafe da siminti. Ɗan dakali ne, ko gwiwa bai kai ba, amma ya tare ruwa, Inna ta samu barci.

Ana nan sai ga wasu baƙaƙen takalma masu sheƙi sun tsaya a taga. Mai duba gine-gine ne daga ƙaramar hukuma, yaro sa'an ɗan Baba. Ya ce dakalin ya shiga hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma an gina shi ba izini.

"Ɗana, ni ban matsa ko taku ɗaya ba," in ji Baba. "Titinku ne ya hau kaina."

"Baba, titi ba sashenmu ba ne. Mu gini muke dubawa."

Baba ya rufe shago, ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, ya tafi neman izini. Aka ce ya kawo zanen ginin da sa hannun injiniya. Ya ce zanen bulo? Aka ce doka ba ta san ƙaramin gini ba. Kafin ya dawo guduma ta riga shi gida. Sai ya cika buhuna da yashi ya jera a gurbin dakalin. Su kuma masu tsabtar muhalli suka kwashe, wai shara ce a bakin titi, har da gargaɗin kada ya kuma.

Ruwa ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe kamar an gayyace shi. Tsagar bango ta buɗe har hannu na shiga. Sati bai zagayo ba takalman nan suka sake tsayawa a taga, wannan karon da gwangwanin jan fenti. Dakali dai babu shi, gidan aka shafa wa gaba ɗaya. Wai ginin ya zama haɗari ga jama'a, a tashi kafin a rushe.

An kai Inna gidan 'yarsu a bayan a-kori-kura, tana tambayar wa zai ba kajinta ruwa. Baba ya ce ruwa dai ba za su rasa ba. Shi yana nan, yana aski da wandonsa a naɗe, yana jiran guduma.

Jiya ina kan kujerarsa na ce, Baba, kai fa ka shiga tarihi, kai kaɗai gwamnati ta binne da rai kuma ta ce laifinka ne.

Ya danna min ƙeya da babban yatsa.

"Sunkuya. Ka daina motsi, kar in tafi da kunnenka."