Wushiryar Umma

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki aka sa min waya a haƙora. Ina da shekara goma sha biyar, muna zaune a Tarauni. Haƙorana na sama sun turo gaba, leɓe ba ya rufe su sai na yi da gaske, kuma tun firamare ake kirana zomo. Abu ɗaya da nake so a bakin nan shi ne wushiryata, irin ta Umma sak. Umma ta rasu ina da shekara tara. Hotunanta uku ne a gidan, duk ta tsuke baki a ciki, don a lokacin ba a yi wa mai hoto dariya. Saboda haka duk wanda ya yi kewar dariyarta ni yake tsokana. Baba ya fi kowa. In ya dawo daga ofis sai ya ƙirƙiro wani shirme ya faɗa, in na fashe da dariya ya tsaya yana kallona.

Baba ma'aikacin gwamnati ne mai ganin girman takarda da likita. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wani likitan haƙori a Gyadi-Gyadi da ke miƙar da haƙora, sai ya kai ni. Likitan ya cusa min wani abu kamar ƙullun fulawa a baki ya ɗauki siffar haƙoran, sannan ya yi dogon bayani da Turanci, Baba yana gyaɗa kai. Babu wanda ya ambaci wushirya. Mu a wurinmu ado ce, ba ciwo ba balle a kai ta gaban likita. Shi kuwa ashe tana cikin jerin abubuwan da zai gyara.

Shekara biyu na yi da wayar nan, kuma na gaji da ita tun wata na uku. Duk wata sai in hau acaɓa in je a ƙara ɗaure ta, in dawo in yi kwana uku ina shan kunu. Ba rake, ba aya, ba tsire, ba asuwaki. Sallar layya biyu na yi ina kallon soyayyen nama a hannun mutane. A makaranta aka daina ce min zomo aka koma shingen kaji, wannan shi ne ci gaban da na fara samu. Ana cikin haka likita ya ce akwai wani ɗan nama a dasashi, tsakanin haƙoran gaba, da yake hana aiki tafiya, sai an yanke shi. Baba ya sa hannu aka yanke. Na ga wushiryar tana tsukewa wata bayan wata, na ɗauka in an cire waya za ta buɗe. Kunya ta hana ni tambaya.

Ranar da aka cire, likita ya jera siffar haƙorana ta da da ta yanzu a kan tebur, ya ɗauko ɗan ƙarfen awo.

"Duba nan, Alhaji," in ji shi. "Sun koma ciki, sun jeru, kuma giɓin nan na tsakiya ya rufe gaba ɗaya. Aiki ya yi kyau."

Baba ya ce madalla. Ya ce in buɗe baki, ya kalla, ya mayar da idonsa kan tebur.

Ran Juma'a muka je Unguwa Uku gaishe da Inna, mahaifiyar Umma. Ta jawo ni bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe haɓata.

"Ina wushiryar 'yata?"

Baba ya fara bayanin abin da likita ya ce. Ta saurare shi har ya gama.

"Gyaran gangar Auzinawa ke nan," in ji ta. Ta sake ni ta tafi duba tukunya.

Likita ya ba ni wata roba da zan riƙa sawa, ya ce in na yi sakaci haƙoran za su koma yadda suke. Wannan maganar na riƙe. Na sa robar cikin kofi na ɗora a kan taga, ban ƙara taɓa ta ba. Baba yana ganinta kullum in zai fita, shi da ba ya barin a tsallake ko ƙwayar magani ɗaya, amma bai taɓa cewa uffan ba. Na san abin da muke jira ni da shi.

Bayan shekara haƙoran suka sake turowa gaba, ba kamar da ba, amma sun turo. Tsakiyar kuwa a haɗe gam. Na koma wurin likita ni kaɗai, na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko.

"Ai shi ya sa muka yanke naman," ya ce, yana mamakin tambayar. "Don kada ta dawo."

Ban ji haushinsa ba, aikin da ya koya ya yi. Gajiya kawai na ji. Na faɗa wa Baba da la'asar yana alwala. Ya ajiye buta ya ce, "Ni na sa hannu." Ya ɗauki butar ya ƙarasa alwalarsa.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan a duniya, muna hira, yana yi min duk abin da uba yake yi wa 'yarsa. Amma daga ranar bai sake tsokanata don in yi dariya ba.