Birkin Babur ɗin Baba

Jiya wani ɗan okada ya taka birki a ƙofar gidana, tayarsa ta gogi kwalta, warin ƙonanniyar roba ya biyo ni har falo. Yawancin mutane in sun ji wannan wari haɗari suke tunawa. Ni mahaifina nake tunawa, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau haushi ne yake riga kewa isowa.

Baba malamin makarantar gwamnati ne, duk unguwarmu ta Nima a Accra, Ticha ake ce masa. Yana da wani baƙin babur ɗan Ingila, tsoho tukuf, wanda ya saya tun ban zo duniya ba. Duk Juma'a sai ya goge shi har ka ga fuskarka a tankin mai. Babur ne mai murya, in ya tashi a lungunmu kajin unguwar Maamobi ma sun san Ticha ya fito. Abu ɗaya kawai ya gagare shi, shi ne tsayawa. Wayar birkin gaba ta daɗe da tsinkewa, na baya kuma ya cinye. Baba bai ɗauki wannan a matsayin matsala ba. Ya sa aka ɗinka masa takalmi da tayar mota, mai kaurin burodi, in zai tsaya sai ya sauke ƙafafu biyu ya ja su a ƙasa har hayaƙi ya tashi. Mutumin da yake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya ke nan.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma fasinjarsa, domin makarantarmu tana kan hanyarsa. Wata safiya a mahaɗar Kawukudi, tirotiro, wato motar haya, ta tsaya a gabanmu ba sanarwa, Baba ya sauke ƙafa, igiyar takalmin ta tsinke. Muka ƙarasa cikin teburin wata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Tabon yana ƙwaurina har gobe.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce mai gidan nan a zahiri. Idonta ya yi rauni, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure. Ta shafa ƙafata, ta sa aka ɗaure babur da sarƙa a jikin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta.

"Ka gyara shi kafin Babbar Sallah," in ji ta. "In ba haka ba zan kira masu narka ƙarfe su yi mini tukunya da shi. Da ma tukunyar waakyena, ta shinkafa da wake, ta huje."

Baba ya ce, "To, Mma." Mutum ne da yara ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, amma a gaban tsohuwar nan "to" kaɗai ya iya.

Aka kira fita, wato makanikin unguwa, ya kwance tayar baya, ya zaro ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata. A bayansu ake manna wata fata mai tauri wadda take kama taya, tasu ta suɗe sai ƙarfe tsirara. Fita ya ce, "Ticha, kawo mu yanka fatar birkin lori mu buga maka a kai. Gobe ka hau abinka."

Baba ya dube shi kamar ya ce a zuba manja a shayi. Ya ce babur ɗan Ingila ba ya cin kayan lori, sabbi zai nema, na ainihi.

Ka tuna wane zamani ne. Shekarun da sabulu da madarar gwangwani ma sai da sanayya, kantuna fayau, kowa na ɓoye kaya a ƙarƙashin gado. A irin wannan lokaci Baba ya ɗaura niyyar samo kayan babur ɗin da masu ƙera shi ma sun manta da shi. Duk Asabar muka riƙa fita, ni da shi, da ƙarafan a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya ce tafiyar za ta buɗe mini ido. Ta buɗe mini ƙafa dai. Mun zaga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, mun shiga Kokompe inda gawarwakin motoci ke jibge, ƙasa baƙa ƙirin da man inji, damina ta mayar da ita kunu. Masu shago 'yan Asante sun fi sauƙi, su juya ƙarfen, su ce babu, mu wuce. Mutanenmu na zango su ne azaba. Ba mai iya ce wa Ticha babu. Sai a shimfiɗa benci, a tambayi gida, a tambayi Hajiya, a tambayi asalin kakanni, a saya mini ruwan sanyi, sannan a ce, "Akwai shi, wallahi na gan shi da idona, je ka wurin ɗan'uwana a unguwar Tudu." Ɗan'uwan na Tudu kuma ya gan shi da idonsa a wurin wanda ya aiko mu.

Da Accra ta ƙare, Baba ya koma ga hanyar da zango ya fi amincewa da ita, wato saƙo. A wurinmu ba a san gidan waya ba, matafiyi ake damƙa wa abu a hannu. Don a rage ɓata lokaci, in ji shi, ya raba ƙarafan. Ɗaya ya ba wata maƙwabciya mai fataucin atamfa zuwa Lome, ɗaya ya ba kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban motar doya mai bi ta Kumasi. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ce ko a ƙarƙashin ƙasa abin yake sai ya tono shi.

Maƙwabciya ta dawo da nata ƙarfen da turare kwalba ɗaya, ta ce mutanen Lome suna gaishe shi. Kawu kuwa ya ɓace. Mutumin da ba ya kwana a Accra bai ci tuwon yayarsa ba, sai labarinsa muke ji, an gan shi a masallaci, an gan shi a wurin suna, in ya hango Baba sai ya karya kwana. Ƙaramar Sallah ta wuce. Ni kuma ina tashi da asuba ina kokawar tirotiro, ina isa makaranta a makare ana zane ni. Ragunan layya suka fara cika bakin titi. Kaka ta fara tambaya da ƙarfi, yadda kowa zai ji, wai tukunya nawa za a samu a injin babur.

A nan Baba ya sauko. Ya aika wa fita cewa ya yarda da fatar lori. Fita ya ce madalla, a kawo ƙarafan guda biyu. Ɗaya muke da shi.

Mahaifiyata ta miƙe. Ta yafa gyale, ta kama hannuna, muka nufi kasuwar doya ta Agbogbloshie. Muka tarar da kawu a inuwar motarsa yana cin ƙosai, da ya ganmu ya nemi zagayawa baya.

"Zo nan, ɗan nema," in ji ta. "Ina ƙarfen mutane?"

"Yaya, ana kan bincike. Wani ya ce a Tamale..."

"Ina ƙarfen?"

Ya ɗaga kujerar direba, ga shi nan cikin jaridarsa. Tun tafiyar farko aka ce masa babu a Kumasi. Kunyar ya dawo wa mijin yayarsa hannu wofi ce ta sa ya yi ta yawo da shi, kudu da arewa, damina guda. Ƙarfen nan ya fi kowa a gidanmu sanin ƙasar Gana.

Ana jibi Sallah fita ya gama. Kaka ta sa aka kai mata kujera bakin lungu, inda hanya take gangarawa zuwa babban gota, wato lambatu, ta kwance mabuɗi ta ce a gwada a gabanta. Rabin unguwa ya fito. Baba ya hau, ya gangaro da ƙarfinsa, ya tsaya cak a gaban kujerar. Yara suka yi tafi. Ni ban yi ba, domin na ga abin da ya faru. Ƙafafunsa biyu suna ƙasa, takalmi yana hayaƙi. Bai ko taɓa birkin ba, ƙafarsa ta manta akwai shi.

Kaka ta ɗaga hanci. "Na ji wari," in ji ta. "Cire takalman nan."

Ya cire, a gaban ɗalibansa. Ta sa na ɗauko masa takalmin Sallarsa na fata, sirara kamar takarda, ta ce ya koma sama ya sake. Wannan karon, da ya tuna tafin ƙafarsa, ya taka birki tun daga tsakiyar gangara, babur ya yi ƙara ya tsaya kamar ɗan kirki. Kaka ta shinshina iska, ta miƙa masa sarƙar, ta riƙe takalman tayar. Da su ta riƙa tokare ƙofar kicin har ta rasu. Tukunya kuwa sai da Baba ya saya mata sabuwa.

Yanzu jikana yana danna waya a kawo masa kayan babur daga wata duniya, bai gaisa da kowa ba, ba wanda ya ji kunyarsa. Ban ce zamanin da ya fi ba, ranar da na sha a Kokompe ba za ta bar ni in ce haka ba. Amma ga abin da ke kan teburina. Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, babur ya daɗe da zama tarihi, kawu ya shigo yana dogara sanda, ya ajiye mini wani ƙunshi. Ƙarafan birki ne sabbi fil, 'yan Ingila, cikin takardarsu mai maiƙo. Ashe bai taɓa daina tambaya ba.

"Na ce masa zan samo," in ji shi.

Na rasa ko in gode masa ko in jefe shi da su.