Muntaka na Bencin Baya

Muntaka jikan mahajjata ne. Kakansa ya taso daga Katsina da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna. Shi Muntaka aikinsa share wani gidan silima ne a unguwar Klemat, amma ba da tsintsiya muka san shi ba.

In an fara fim, yakan zauna a bencin baya, mu 'yan kasuwa da ba mu jin Faransanci mu kewaye shi, yana gaya mana abin da ake faɗa. Yana da wata ɗabi'a, ba ya barin mutanen fim a ƙasarsu. Sai ya ce, "Wannan mai hular ku ɗauka Audu mahauci ne, titin nan kuma na unguwar Abena." Mu yi ta dariya. Da haka muke gane labari.

Fim na ƙarshe da aka nuna kafin harbi ya shigo birni, na wani zamani ne mai zuwa. Hukuma tana dasa wa kowane jariri ɗan ƙarfe a bayan kunne, ta nan take gaya masa lokacin tashi, da hanyar da zai bi, da wanda zai gaisa da shi. Sai ƙarfen wani mai gyaran famfo ya mutu. Ya ɓoye, yana kwaikwayon jama'a don kada a gane shi.

Aka rufe silima. Birni ya rarrabu, kowace unguwa da masu bindigarta da igiyar da suka gitta a titi. Muntaka ba shi da sabon fim, sai ya riƙe wannan. Kullum da hantsi yana ba da shi a teburin Falalu mai shayi, kuma yadda ya saba. Masu dasa ƙarfen suka zama samarin da ke tare hanya a unguwar Sabangali, har da irin tafiyarsu.

Falalu ya ce, "Malam Muntaka, mayar da mutanen nan garinsu mana. Ba kowa ne shayi ya kawo shi nan ba."

"In na ce birnin Turawa, ai barci za ku yi."

"Gara mu yi barcin."

Kubura, matar Muntaka, ita ma ta yi nata. Ta ce, "Malam, zo mu haye kogi zuwa Kusiri kamar kowa. Can ko kifi ka ba labarin, ba mai hana ka."

Ya ce sai an ga abin da damina ta yi.

Da rana tsaka masu bindigar suka zo, su uku. Babbansu ya gaishe mu da Larabcin garin cikin ladabi, ya ce sun ji akwai mai ba da labarin shingensu, suna so su ji daga bakinsa. Muntaka ya ce fim ne kawai. Mutumin ya ce madalla, to ya taso ya nuna musu inda Sabangali ta fito a ciki. Muntaka ya tashi ya bi su, bai ko ƙarasa shayinsa ba.

Sai bayan damina ya dawo, yana jan ƙafa ɗaya. Kubura ta riga ta haye da yara, don kowa ya ce mata kada ta jira. Bai bi su ba. Bai ce ga inda aka kai shi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Yakan zo teburin har yanzu, ya zauna can gefe. Wata safiya rediyon Falalu ya katse kiɗa, wani ya hau sanarwa da Faransanci, murya a sama. Ba mu san ko sulhu aka yi ba, ko wasu ne suka karɓi birnin. Duk muka juya wajensa.

Falalu ya ce, "Malam, me suka ce?"

Muntaka ya daɗe yana hura kofinsa. Sannan ya amsa da Larabci, shi da bai taɓa yi mana Larabci ba, ya ce shi mai shara ne, bai yi makaranta ba.

Falalu ya rage muryar rediyon, ya zuba wa na gaba.