Wayar da Ke Cewa a Dakata

Mai Lamba ake kiransa a layin, don ya fi shekara ashirin yana yanka haruffan roba da ake mannawa a allunan shaguna da bayan motoci. 'Ya'yansa kuwa a bayan idonsa Baba Don-Me suke ce masa. Ko likita ne ya ce ya sha magani sau uku, sai ya ji abin da ya hana a sha sau huɗu.

Shagon ɗaki ɗaya ne: tebur, fanka mai ƙara, injin yanka, da tsohuwar kwamfuta wadda farinta ya koma ruwan ƙasa. Waya guda ce ta haɗa kwamfutar da injin. Ta cikinta haruffa ke wucewa, injin ya bi da wuƙarsa yana yankawa.

Ɓera ne ya fara jawo rigimar, ya gutsure wayar nan. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya haɗa masa wata. Gajeren rubutu na fita lafiya lau, dogo kuwa sai haruffa su ɓace a tsakiya. Wata rana ya naɗe wa wani mai kantin magani aikinsa bai duba ba, mutumin ya dawo yana faɗa a gaban jama'a, wai tsufa ya ci kan Mai Lamba. Magana ba ta kwana ba ta kai kunnen babbar 'yarsa, malamar asibiti.

“Baba, ka huta haka nan,” ta ce. “Ran Asabar zan zo mu rufe shagon, in kai ka a duba ka.”

Bai yi mata musu ba, abin da bai saba ba. Gaskiya tsoro ya ji. Idan fa shi ne ke tsallake haruffan bai sani ba?

Amma mai hali ba ya fasawa. Washegari ya cika layi da harafin A, ya aika, ya zauna yana ƙirgawa. A na arba'in da uku abin ya lalace. Ya sake, arba'in da uku. Ya ce a ransa, wace irin mantuwa ce wannan da ba ta kuskuren lissafi? Ya sa tabarau ya duba ɗan gilashin da ke jikin injin, ya ga saƙo da Turanci. Ƙamus ya ce ma'anarsa abu ya cika ya tumbatsa. To me ya cika? Ya rage saurin aikawa a kwamfutar, sai aka kai saba'in kafin a rikice. Nan ya gyara zama, abin ya fara yi masa daɗi.

Da yake ba ya zubar da komai, ya tono tsohuwar wayar a kwali, ya feɗe ta, ya kwance kan sabuwar. Tsohuwar silin waya bakwai ne a cikinta, sabuwar uku. Ya kwashe su sai shagon maƙwabcin.

“Uku sun isa, Baba,” in ji mai rediyo. “Ta kaiwa, ta kawowa, ta ƙasa.”

“Sauran huɗun kwalliya ce?”

Mai rediyo ya sosa ƙeya. Suka buɗe littafin injin da ya sha ƙura, suka bi zanen da yatsa. Ashe da ɗaya daga cikin huɗun nan injin ke gaya wa kwamfuta ta dakata ya gama wanda ke hannunsa. Da babu ita, sai aka yi ta ɗura masa kamar mai zuba ruwa a kwalba ba ya kallon bakinta. Suka narka dalma suka haɗa bakwai ɗin cif.

Ran Asabar 'yar ta zo da kwaɗon rufe shago a hannu. Ya nuna mata kujera, ya zauna gaban kwamfutar ya rubuta sunayen jikokinsa da ka, daga babba zuwa auta, a layi ɗaya. Injin ya yi ta yanka yana ɗan tsayawa yana ci gaba. Ta ja robar tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba harafin da ya ɓace. Goma sha ɗaya take tsammani, sai ta ƙirga goma sha biyu. Na huɗun sunan ɗanta ne na fari, wanda ya yi kwana tara kacal a duniya, sunan da ta yi shekaru ba ta ji a bakin kowa ba.

 Ta ajiye kwaɗon a kan tebur.

“Baba, ka yanke min wannan daban, zan tafi da shi.”