Raƙumin Gumar da Kalmar Baturen Ingila

Na tsufa, abubuwa da yawa sun kwanta mini, amma ban manta ranar da Gumar ya shigo bariki neman raƙuminsa ba. Ku da kuka kama aikin tafinta yanzu, ku saurara.

Shekaru kaɗan ne bayan babban yaƙin Turawa, ina tafinta a wani ƙaramin bariki a Damargu. Aikina shi ne in tsaya tsakanin kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin yankin, da duk mai ƙara. Ina jin Faransanci da Buzanci, na kuma tsinci ɗan Ingilishi lokacin da na yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Kano. Tun hantsi nake tsaye har la'asar, maganar mutane tana bi ta bakina, ni ba ni da tawa.

A ranin nan gardawa, 'yan sandan kumandan, suka kama raƙuma don kai kaya Agadas. Cikinsu har da na Gumar, wani dattijon Buzu daga kwarin Tarka. Rijiyoyin can suna da zurfi, hannu ba ya jan guga, sai dabba. Raƙumin nan shi kaɗai ke shayar da tumakinsa.

Gumar ya yi magana da zafi cikin Hausa, ya ce wannan zalunci ne. Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba." Na juya ga kumandan na ce dattijo yana roƙon alfarma. Kumandan bai ko ɗaga kai ba. Ya ce raƙumin ya tafi ke nan, a fitar da tsohon. Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Sannan na gaya wa Gumar, "Ya ce ka yi haƙuri, za a duba." Ya sa mini albarka ya fita. Ba a ɗaure kowa ba, ba a bugi kowa ba. A ganina aiki ya yi kyau.

To akwai wani Baturen Ingila zaune a kusurwa, matafiyi daga Kano, yana jiran takardar izinin wucewa Abzin. Ban san yana jin Hausa da Faransanci duka ba. Da aka tashi, ya same ni a inuwar barga ina cire takalmi, ƙafafuna sun kumbura.

Ya ce, "Tafinta, mutum biyu suka faɗi abu biyu, ka ce wa kowa gaskiya ne."

Na ce, "Bature, da na juya maganar yadda take, da tsohon nan yana kurkuku yanzu."

Ya ce bai zo da zargi ba, wata kalma ce ta harshensu na tuna masa. Ya rubuta ta a ƙasa da tsinke: soothe. Yanzu, in ji shi, ma'anarta lallashi, kwantar da hankali, kamar yadda uwa ke yi wa jariri. Amma a bakin kakanninsu tushenta gaskiya ne, kuma nufinta a shaida cewa abu haka yake. Daga nan ta koma gaskata mutum don a faranta masa, ko da bai da gaskiya. Da tafiya ta yi nisa, gaskiyar ta faɗi a hanya, lallashin kaɗai ya iso.

Na yi dariyar gajiya na ce, "Ashe ku ma kuna da fadawa." Kwana biyu ya samu takardarsa ya wuce.

Gumar kuwa bai koma Tarka ba. Ya sauke tumakinsa, waɗanda ya zo da su, kusa da bariki yana jiran a duba. Kullum da safe yana bakin ƙofa: "Ɗana, an duba?" Kullum in ce, "Saura kaɗan, Baba." Maganar Baturen tana ci na, amma na saba, kuma na gaji. Sai da tumakin suka fara faɗuwa don ƙishirwa, ungulu suna sauka bayan barga, sannan na je na durƙusa gabansa na faɗa masa abin da kumandan ya ce, kalma da kalma.

Bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon ragowar garken, sannan ya gyara rawaninsa ya ce, "Ina da ƙane a Gangara, yana da jaki da rijiya. Da ka faɗa mini ranar nan, da sun kai da ƙafafunsu." Ya kora waɗanda ke iya tafiya. Ban sake ganinsa ba.

Na ƙara shekaru a aikin, kuma ban daina sassauta magana ba, don tafintan da ba ya sassautawa mutanensa yake jefawa a wuta. Amma na bambanta abu biyu. Zagi da fushi kana iya rage musu kaifi, babu wanda zai cutu. Hukunci kuwa, miƙa wa mutum shi yadda yake tun da wuri, don da shi zai san inda zai kai iyalinsa da dabbobinsa. Mutanenmu suna iya ɗaukar magana mai ɗaci. Jiran banza ne ke kashe su.